Ƙasar Ganuwa

Ba damina ta cinye ganuwar Katsina ba.
Na ga masu cin ta da idona:
wannan da kwando, zai liƙe tsagar katanga,
wancan da baro, zai ta da ɗakin ƙanensa.
Kowa ya ce, "Ɗan kaɗan ne, Malam Nalado,"
har akuya ta koma ƙetare ta ba tsalle.

Shekara ashirin da bakwai ina maga-takarda
a zauren majalisar ƙaramar hukuma.
Ko tari kansila ya yi, sai na kusa rubutawa.
Sun taɓa kwana uku suna faɗa
kan kwalbati ɗaya a Ƙofar Marusa,
har aka jefi wani da hula.
Da aka ɗaga hannu, bakwai suka rinjayi biyar.
Biyar ɗin suka fita suna ƙunƙuni,
washegari suka dawo, suka zauna kujerunsu.
Wannan dawowar
ita ce iyakar abin da na sani game da mulki.

Yau zauren a kulle, tantabaru ke muhawara.
Takarda kan sauko daga sama da hatiminta,
an dafa, an tauna, saura haɗiya.
Kundina na ƙarshe gara ta karance shi,
ta bar mini bango da kwanan wata.

Ni ɗan ra'ayin riƙau ne, ban taɓa ɓoyewa ba.
Agogona har yau sai an yi masa wani,
ba na son a sake wa titi suna.
Amma daren Laraba a dakalin Sambo Tela,
abokan tafiyata na shekara arba'in
suna tafawa don an ɗauke wani alƙali
kwana biyu kafin ya yanke hukunci.
"Namu ne ya ci," in ji su. "Sha shayinka."
Na ce: riƙau, riƙau, to me muka riƙe?
Igiya ce a hannunmu, jama'a,
gugan yana can ƙasan rijiya.
Tsanin da kuka jingina wa naku ya haura
ba zai tambayi ƙafar wa ke hawa gobe ba.
Sambo ya ce tsufa ne. Wataƙila.

Jikata Barira, abokiyar musuna,
mai cewa a rushe komai a sake aza tushe,
ita aka sa aikin zaɓe a firamaren unguwa.
Magariba ta rufa, tana ƙirga da fitilar waya,
wani mai ƙamshin turare ya sunkuyo:
"Wannan ɗayan, 'yata, ɗora masa hula
ya zama bakwai."
Ya tura ambulan ƙarƙashin takarda.
Ta miƙe, muryarta na rawa kamar ganyen darbejiya,
ta karanta da ƙarfi: ɗari da sha huɗu.
Ta sake: ɗari da sha huɗu.

Akwatin, an ce, ya ɓata a hanya
tsakanin makaranta da sakatariya,
tafiyar da ba ta kai shan kofin koko ba.

Ta dawo ba ta taɓa tuwo ba.
Ta ciro kwafin sakamakon daga cikin safa,
ya jiƙe da gumi, lambar tana nan ba hula.
Na buɗe bangon kundina na saka shi ciki.
Ya zauna daidai.
Ba mu yi musu ba a daren nan.
Ban san sunan da zan kira ta da shi ba,
ita mai son rushewa, ita ta tsare ƙofa,
mu masu tsaro muna can muna shayi.

Da asuba, dawowata daga masallaci,
na iske wani da shebur gindin ganuwa.
Na buɗe baki zan daka masa tsawa,
sai na tuna katangar bayan gidana,
da inda na ɗebo ƙasarta,
shekarar da aka haifi uban Barira.